Kawu da Kaset ɗin Tsibiri

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, bayan maza sun dawo daga maƙabarta, na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Mace za ta shigo ta yi ta'aziyya, a shafa fatiha, sai ka ga ta kwance bakin zane ta ciro waya. Wannan ta nuna wa ta kusa da ita mahaifinta yana raɗa wa jariri suna, waccan ta nuna uwarta tana rabon goro a bikin da aka yi tun ba a haife ta ba. Wata tsohuwa daga Gangara, jikarta ce ma ta buɗe mata wayar, ta zauna tana kallon mijinta yana saukowa daga kan keke, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce ba don Kawu ba da tuni ta manta yadda malam yake tafiya. Maigidana ya ce a zaure ma haka maza suka yi ta yi.

Inna, matar Kawu, wadda ta goya ni ta raine ni, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbinta tana jin su. Da mutane suka ɗan ragu sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kowa ya ba shi nashi. Mu ko inuwatai bai bar muna ba."

Gaskiya ta faɗa a iya saninta. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana ɗaukar mutane, kullum yana bayan kyamara. 'Ya'yansa sun bincike wayoyinsu kaf, babu inda aka ga Kawu yana motsi. Ni na san akwai wuri ɗaya, amma gida cike yake, na bari sai an watse. Labarin wurin nan kuwa daga mahaifiyata ya fara.

Kawu yayanta ne, ciki ɗaya. Ta rasu ban kai yaye ba, shi ya ɗauko ni ya miƙa wa Inna. Na tashi ban san fuskar uwata ba, sai wani hoto guda da ruwan damina ya cinye rabinsa. Mutane sukan ce ina kama da ita a goshi, wasu su ce a dariya, ni dai sai in ce to. Abin yana damuna tun ina ƙarama, kuma girma bai rage shi ba. Bayan rasuwarta ne Kawu ya sayi kyamara, irin babbar nan ta saɓawa a kafaɗa, don haka duk tulin kasakasan da ya ɗauka babu ita a ko ɗaya.

A zamaninsa babu suna ko ɗaurin aure ko saukar karatu tsakanin Sabon Birni da Isa da za a ce ya cika in bai je ba. Ya ɗaure kyamara a bayan babur, ya bi hanyar daji har Bafarawa, ya dawo yana faɗan ramuka. Kalmarsa ɗaya ce a ko'ina: "Ku juyo, rana na bayanku." Ba ya duba girman rawani, ko liman ne sai ya juyo da shi. Har yara suka mayar da ita sunansa, in ya wuce su bi shi da ita, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai ɗaukar kansa, hanyoyin ƙauye kuma suka zama yadda suka zama, sai aikin ya mutu. Kawu ya zauna a shagonsa na bakin kasuwar Sabon Birni da kasakasai jere har rufi, wasu sun fara farin fumfuna ta ciki. Da wani dattijon ne, da sai ya kama tasbihi ya jira lokaci. Shi sai ya sayo tsohuwar kwamfutar cinya da wani ɗan maƙali kamar ɗan yatsa mai wayoyi uku, rawaya da fara da ja, wai da shi ake zuba abin da ke cikin kaset a kwamfuta. Mai sayarwa ya ce masa jonawa kawai zai yi. Allah ya yafe wa mai sayarwar nan.

Ni ina koyarwa a Isa, don haka na zama mai karanta masa Turanci. Ya kira ni ina tsakar aji ya ce baƙuwa ta sake magana, haka yake kiran kwamfutar, sai ya harhaɗo mini haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya allo. Farko ta ce ba ta san ɗan maƙalin ba sam, sai da muka nemo mata abin da ake kira direba, ƙaramar manhajar da ke gabatar da shi gare ta. Da ta san shi sai allo ya yi baƙi ƙirin, ashe manhajar ɗaukar tana sauraren wata ƙofa ce daban, ba ta rawayar wayar ba. Da hoto ya fito, murya ta ƙi. Da murya ta zo, biki ɗaya ya cinye cikin kwamfutar gaba ɗaya. Muka matse fayil ɗin ya ƙanƙance, aka tura wa mai bikin a waya, wayar ta ce ba ta san wannan ba.

A nan muka fara jin kalmar kodek. Na karanta bayanin na kasa mayar masa da shi Hausa, shi ya mayar mini. Ya ce ai ɗaurin kaya ne a bayan babur: kowane ɗan acaɓa da irin ƙullinsa, wanda bai san ƙullin ba kuwa ba zai kwance ba. Kwamfuta ta ɗaure hoto da wani ƙulli, waya ba ta iya shi ba, shi ke nan. Da jin haka ni da wayona na samo masa wani tarin kodek a intanet, wai mai kwance kowane irin ɗauri, na ɗora masa ranar Asabar ina jin kaina. Kafin la'asar fuskokin mutane sun koma kore shar, har abin da ke aiki jiya ya daina. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai ce na tara masa masu kwance kaya da yawa a kan buhu ɗaya. Ya sa na cire su duka, muka bar guda ɗaya wanda wayoyin mutane suka sani.

Daga ranar ya kafa dokarsa. "Abu guda, ɗiyata. In kin taɓa biyu, ba ki sanin wanda yay yi gyaran." Ya canza abu ɗaya, ya ɗauki ɗan guntu, ya kalla, ya tura a wayar Inna ya ga ko ta buɗe, sannan ya taɓa na gaba. Ni mai gaggawa ce, wannan tafiyar hawainiya tana ci mini rai. Amma da ita ya ci gari. Sannu a hankali mutane suka fara zuwa da kasakasansu a ƙunshe cikin tsumma, har da waɗanda suka baro ƙauyukansu suka dawo cikin gari, waɗanda a cikin ɗan abin da suka iya ɗauka akwai kaset ɗin da ba su da abin kunna shi. Bai taɓa mayar da kowa ba. Wani ya kawo masa albasa, wata ta aiko da fura, wani addu'a ce kawai, duk ya karɓa. Aikinsa daga hantsi ne zuwa la'asar, lokacin da sola ke da ƙarfi, in rana ta yi sanyi ya rufe baƙuwa da ɗankwalin Inna ya tafi masallaci.

Ana cikin haka wata kakarmu ta wajen Tsibiri, can tsallaken iyaka a Nijar, ta rasu. Da aka buɗe akwatinta aka sami kaset, aka aiko wa Kawu tunda shi ne mai abin. Yana ganin bayansa ya gane shi. Bikin wata 'yar'uwarsu ne da aka yi can, dangin ango suka ɗauko mai kyamara daga Maraɗi. Mahaifiyata ta je bikin da ni a goye, watanni kaɗan kafin rasuwarta. Kawu ya taɓa kallonsa sau ɗaya a wancan lokacin, ya san tana ciki.

Da ya gaya mini, ban san lokacin da na hau babur daga Isa ba. Na iso na tarar ya sa kaset ɗin a cikin kwanon sha mai murfi, ya ɗora a kan kanta, ya ce ba yau ba. Zaren ya tsufa, akwai fumfuna a gefensa, kuma duk kunnawa ɗaya tana kankare wani abu daga jikinsa wanda ba ya dawowa. Zai iya jure kunnawa kaɗan, zai iya tsinkewa a ta farko. Sai da ya buɗe shi ya goge zaren da hannu, a hankali, yana juyawa da ɗan yatsa, sannan ya sa mini rana.

Ranar ta zo, na zauna a kan benci. Hoto ya fito babu launi ko ɗis, toka-toka, yana rawa. Mata ne cike da tsakar gida, duk zannuwansu iri ɗaya, duk fuskokinsu sun dushe. Murya kuma tana tafiya daban da hoton: tun ana farawa ta ɗan ja baya, can sai ka ga bakin wata yana motsi, maganar ta fito bayan kyamara ta koma kan wata. Ina cewa wace ce ita, wace ce ita, Kawu ya miƙa hannu ya kashe.

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce masa da babu gara ba daɗi, ya bar shi ya tafi har ƙarshe ko yaya yake, ya nuna mini ita da yatsa. Na ce shekara nawa ina jira, shi kuma ga ciwon ƙafa ga hawan jini, wa ya san gobe. Na faɗi wannan a gabansa, don tsoron da ke raina ke nan. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ba ni ba ki uwarki da muryar wata mata. Akwai magana ciki. In ba daga bakinta kinka ji ta ba, ba ki ji ta ba." Na tashi na koma Isa ko sallama ban yi wa Inna ba, na yi kwanaki ba na ɗaga wayarsa. Shi kuwa bai fasa kira ba, kuma in na ɗaga daga baya ba ya tada zancen, sai dai ya ce baƙuwa ta yi magana, in karanta masa.

Matsalar launi ya fara bi. A cikin manhajar akwai wani jeri na tsarin talabijin da muka daɗe da sa shi a kan Pal muka manta da shi, don duk kasakasansa da shi suke fita. Na karanta masa sauran sunayen, da na zo kan Sekam ya ce in tsaya. Ya tuna zamanin da 'yan kasuwa ke shigo da talabijin daga Maraɗi, a kunna tashar Nijeriya ta fito fari da baƙi, har a yi ta zargin mai sayarwa. Ashe su can tsarin Faransa suke bi, mu nan wani daban. Iyakar da danginmu ke tsallakawa da ƙafa su je suna su dawo, kaset bai iya tsallake ta ba. Bai gwada a kan namu ba. Ya bi gari har ya samo wani kaset ɗin Nijar na wa'azi a wurin wani mai shayi, ya mayar da manhajar kan Sekam ya gwada da shi. Launi bai zo ba. Ya ce to, saura abu guda, ita kanta na'urar kunna kaset ɗin 'yar Nijeriya ce, sai an samo 'yar can.

Kawu yana da amini, wani dattijon Bafillace da suka san juna tun suna samari, wanda ke haurawa da shanunsa arewa in damina ta faɗi, ya gangaro bayan an yi girbi. Shi ya ɗora wa aikin. Ya zana masa kalmar Sekam a bayan kwalin shayi, ya ce duk na'urar da ba ta da wannan a goshinta kada ya ɗauko. Bafillacen da bai taɓa zama gaban talabijin ba ya soke kwalin a hularsa ya tafi.

Daminar nan ta yi mini tsawo. Kawu ya kwanta ciwo har aka kai shi asibiti, ya tashi ya rame, sandar da yake ƙi ya fara riƙewa. Ni ina kallon gero yana fitar da kai ina lissafin girbi, ina kallon Kawu ina wani lissafin. Shi ko a jikinsa. Ya ce jira ma aiki ne, ya koma kan muryar da ke ja baya. Ya ɗauki kasakasan da ba su da amfani ya yi ta gwaji, abu guda, abu guda, har ya gano cewa in baƙuwa tana ɗauka tana matsewa a lokaci ɗaya sai ta gaji ta yi zafi, ta riƙa zubar da hotuna a hanya, hoto ya yi gaba ya bar murya. Maganin shi ne a kwashe komai daga cikinta a ba ta fili, a rufe duk wata manhaja, ta ɗauka ɗanye ba matsi, sai an gama a ɗaure da kodek ɗin da waya ta sani. Zafin kuma ya yi masa dabara irin tasa: ya sa aka kawo randar Inna shago, ya ɗora faranti a bakinta, ya ɗora kwamfutar a kai. Inna ta yi mita har ta gaji, ta ce a tsufansa ya ba baƙuwa randarta.

Ana cikin sussuka aminin ya iso, da na'urar a cikin buhun gishiri, an naɗe ta da bargo. Ya dire ta a ƙofar shago ya ce ta fi ɗan maraƙi wuyar ɗauka. A wurin wani mai gyaran rediyo ya same ta, a ƙarƙashin tarkace, bayan ya nuna kwalinsa a kasuwanni har an fara yi masa dariya. Kawu ya buɗe ta ya share ta, ya canza mata robar da ta saki, ya gwada da kaset ɗin mai shayi. Rawanin mai wa'azi ya fito ja.

Bai kira ni ranar da ya ɗauki namu ba. Ya ce ba ya son numfashina a bayansa. Kunnawa ɗaya ya yi, daga farko har ƙarshe, kuma ya gaya mini daga baya cewa kusa da ƙarshen zaren ya fara tattarewa, da ƙyar ya kai. Ranar Juma'a na zo, ya miƙo mini ɗan memori a naɗe cikin takardar goro, ya sa a wayata da kansa, ya ja bencinsa ya koma bakin ƙofa yana kallon kasuwa.

Ban buƙaci yatsan kowa ba. Zanenta shuɗi ne mai ɗigon rawaya, ga zanen Gobir a kumatunta, ga goshin da ake faɗa. Tana dariya da kai a karkace, yadda 'yata take yi, wanda ban taɓa sanin inda ta samo shi ba. Na yi kuka a shagon nan har mai albasa na kusa ya leƙo. Amma daɗi ne ya fi yawa, daɗin da har yau in na tuna sai in ji raina ya yi fari. Na ce wa Kawu ya yafe mini, ya ce shi bai ji komai ba, in dai kalla har ƙarshe. Na kalla, na ji maganar da ya ce. Da na kai wa Inna ta gani, ta kau da kai ta ce ba za ta iya ba, don ita da mahaifiyata ƙawaye ne tun suna 'yan mata. Kawu kuma bai gaya mata abin da ke ciki ba. Bai ga wata daminar ba.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, na sami Inna da hantsi tana zaune ita kaɗai kusa da randarta, wadda aka dawo mata da ita daga shago. Na ce mata akwai abin da zan nuna mata, ta daure. Na wuce farkon, na kai wurin, na sa mata wayar a hannu.

Wani matashi ne siriri da hula a karkace ya shigo ta gefen hoton. Bai san ana ɗaukarsa ba, kyamarar yake leƙe, yana matsowa yana tambayar mai ita yadda take aiki, har fuskarsa ta kusa cika allon. Inna ta dafe baki. Sai ga mahaifiyata ta ɓullo ta bayansa tana kwance goyo, ta taɓa kafaɗarsa, bakinta da muryarta tare:

"Yaya, bar kayan mutane. Riƙe mani ita, za ni in dawo."

Ta ɗora masa ni a hannu ta wuce cikin mata. Ya tsaya riƙe da jaririya kamar an ba shi ƙwaryar nono cike, yana bin ƙanwarsa da ido, sannan kyamara ta juya kan amarya.

Inna ta ce in mayar. Na mayar, ta sake kallo, ta sake cewa in mayar. Can ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ya ko riƙe."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da ƙanwarsa a inda babu rabuwa. Amanar da ta ba shi tana nan lafiya, ita ce ta rubuta wannan.